Na Sauke Sunan Mahaifina Daga Allon Shago

Zuwa ga Gwaggo Iyatu,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina fara ta ina yagawa. Daga Libreville nake rubuto miki, ƙasar Gabon, inda jaridarku takan iso mana bayan mako uku ko huɗu a hannun 'yan kasuwa, mu yi ta karɓa-karɓa har ta yi laushi. Ba ni da wanda zan gaya wa maganar nan, domin duk Bahaushen da ke garin nan ya san wani da ya san mahaifina.

Mahaifina tela ne a Fagge, ya fi shekara arba'in yana sana'ar. Zan kira shi Alhaji Maitama, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Da keke ɗaya ya fara, yau yana da teloli tara da masu surfani goma sha biyu. Duk rigar da ta fito daga shagonsa akwai ɗan ƙyalle a bayan wuyanta mai ɗauke da sunansa, kuma a Kano wannan ƙyallen ya isa shaida, ba a taya rigar sau biyu.

Shekara uku da suka wuce ya je aikin Hajji ya haɗu da wani ɗan kasuwa mutumin Garoua, Alhaji Oumarou, wanda ke zaune a nan Libreville. Shi ya ba shi labarin yadda man fetur ya buɗe garin, ana ta gina otal-otal da tituna, ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Owendo, akawu ma yana canza riga sau biyu a rana. Bai yi ƙarya ba, Gwaggo, haka abin yake. Baba ya dawo gida da tsarinsa a kai. Za a fara buɗe shago a Libreville, in ya kafu a buɗe na biyu a Port-Gentil inda ma'aikatan mai suke, daga nan a tsallaka Kongo. Za a riƙa ɗinkawa a Kano ana turowa. Ni ne babba, ni aka turo, da dila shida ta manyan riguna da kaftani da allon shago wanda aka rubuta tun daga gida.

Na kama shago a Nkembo, kusa da kasuwar Mont-Bouët, na kafa allon, na zauna. Wata biyar ina zaune. Mutane su tsaya su leƙa, su taɓa aikin, su yaba, su wuce. Abin da babu wanda ya gaya wa Baba shi ne, garin nan ruwa ake yi wajen wata takwas a shekara, kuma zafinsa mai gumi ne. Ko ni da aka haifa cikin babbar riga ba na iya yini da ita a nan. 'Yan ƙasa riga mai gajeren hannu suke so, mara nauyi, ko kwat irin ta Faransa. Mutanenmu kuwa ba su da yawa, sai da Sallah suke neman babbar riga, yawancinsu ma daga gida ake aiko musu. Rigunan da ke cikin dila suka fara fumfuna. Ina shanyawa, ruwa na saukowa, ina kwashewa.

A nan na fara yin laifi. Baba ya rubuto yana tambayar yadda kasuwa take, ƙanena Musbahu ne yake rubuta masa domin yanar ido ta rufe wa Baba gani, da kyar yake gane fuska. Na ɗauki biro na rubuta cewa alhamdulillahi kaya suna tafiya. Na ce a raina wata mai zuwa abin zai gyaru, ƙaryar ta zama gaskiya. Da Baba ya ji haka sai ya turo wasu dila huɗu. A cikinsu akwai wata babbar riga ta farar shadda, mai aikin aska takwas, wadda ya yi wa surfani da hannunsa. Musbahu ya rubuta cewa wata bakwai Baba ya yi a kanta yana kai ta har bakin hancinsa, kuma ita ce ta ƙarshe, ya ajiye allura. Ya ce kada a sayar, a rataye ta a gaban shago mutanen Gabon su ga aikin Kano.

Alhaji Oumarou yana da ƙanwa, Mairamou, mai sayar da atamfa a kasuwa. Ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata. Shekararta goma sha ɗaya a garin, tana jin Faransanci kamar ruwa, ita take yi mini tafinta. Wata ranar Asabar wani akawun tashar jirgin ruwa ta Owendo ya tsaya gaban rigar Baba ya kasa tafiya. Ya sa Yaya Mairamou ta gaya mini cewa aurensa saura mako biyu, rigar ta yi masa yawa, amma in za a ɗora masa wannan aikin a wuya da aljihun ƙaramar riga, ba zai yi ciniki ba. Na ce a'a. Ya dawo ranar Litinin, na sake cewa a'a. Ranar Laraba, kwana goma sha tara ke nan ban sayar da ko hula ba, na sauke rigar na sa mata almakashi.

Gwaggo, ko jinkiri ban yi ba a lokacin, wannan ne yake ba ni tsoro. Na fitar da riguna uku daga cikinta. Ango ya sa ɗaya, abokansa biyu suka sa sauran. Kafin wata ya ƙare mutane suna layi a ƙofata. Na bi dilolin nan ɗaya bayan ɗaya ina yanke surfanin ina ɗorawa a kan yadi mara nauyi. Yanzu keke biyar ke aiki a shagon.

Sai maganar suna. Yaya Mairamou ta ce masu saye ba sa iya faɗin sunan Baba, kuma mutanen ofis ba sa son a ga sunan da ba na Faransanci ba a wuyan rigarsu. Ta kawo suna, Élégance Sahel. Ita ta yi ta zirga-zirga ofis-ofis har takardun suka fito, da sunanta da nawa, ita ta kawo yadin, ita ta kai samfur gidajen manya. Muka sauke allon Baba, yana nan a bayan shago na juya fuskarsa bango. Shekara biyu ke nan. Duk wata ina aika wa gida rabonsu ba tare da na rage komai ba, duk wata kuma ina rubuta cewa manyan riguna ne ake saye.

Makon jiya wasiƙa ta zo. Baba ya ce tunda Libreville ta kafu, lokacin Port-Gentil ya yi. Ya ƙara ɗaukar masu surfani shida. Ya sa Musbahu ya rubuta takardar ajiye aikinsa na koyarwa, zai miƙa ta ƙarshen zangon nan, domin shi zai riƙe sabon shagon, ga shi da mata da 'ya'ya biyu. Kuma bayan Babbar Sallah Baba zai hau jirgi ya zo da kansa. Ya ce ko idonsa bai gani ba, yana so ya tsaya ƙarƙashin allonsa a ƙasar waje a ɗauke shi hoto, ya kuma shafa rigarsa.

Alhaji Oumarou ya ce abin mai sauƙi ne, in mayar da tsohon allo na mako biyu, in rataye wata farar riga, tsoho ba ya gani, ya zo ya koma da farin cikinsa. Yaya Mairamou ta ce ko na yini ɗaya ba za a sauke allon da ta sha wahala a kansa ba, kuma ba za ta tsaya gaban dattijo ta yi masa wasan yara ba. Har mun kwana biyu ni da ita ba ma gaisawa sosai. Ni kuwa abinci ya daina shiga. In na faɗi gaskiya ina tsoron abin da zai same shi, ga hawan jini. In na yi shiru ƙanena zai bar aikinsa ya tafi Port-Gentil da kayan da na san ba za su sayu ba. Wani lokaci sai in ji haushin Baba ma, da ya tsara duk wannan a kan labarin da ya ji a Mina bai taɓa tambayata abin da idona ya gani ba. Sai kuma in tuna ai ya tambaya, ni ne na ba shi amsar ƙarya.

Yaya zan yi? Kada ki saka sunana.

Naki,
Mai Almakashi, Nkembo

*

Ɗana Mai Almakashi,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Ka kwantar da hankalinka, abin bai kai inda ba ya gyaruwa ba, amma akwai gaggawa, don haka zan fara da ita.

Ranar da ka ga amsar nan ka je gidan waya ka buga wa Musbahu waya cewa kada ya miƙa takardar nan sai kun gana. Wannan ba ya jiran komai. Shi da iyalinsa ba su ci ba su sha ba, kada a wayi gari su ne suka biya kuɗin shirunka.

Shawarar Alhaji Oumarou kuwa, na san tausayi ne ya sa shi, amma ka ajiye ta. Mutumin da ya shekara arba'in yana surfani ba da ido kaɗai yake gane aikinsa ba, yana ɗora yatsa zai san wannan ba rigarsa ba ce. Kuma amfani da lalurar idonsa don a rufe shi ya fi yanka rigar muni nesa ba kusa ba. Yayarka Mairamou ta yi gaskiya a nan.

Kada ka bari ya zo ya tarar. Kai za ka je Kano kafin Sallah, ba wasiƙa ba, domin wasiƙa wani ne zai karanta masa, kuma wannan magana tsakaninku ce. Ka fara zama da Musbahu, ku nemi wani dattijo da mahaifinku yake jin nauyinsa ya kasance kusa, saboda hawan jinin da ka ambata. Sannan ka faɗa masa komai a zama ɗaya. Kada ka ba shi rabi yau ka bar rabi ya ji a bakin wani.

Ka raba abubuwan, domin ka cakuɗa su a ranka har ka ɗauka duk laifi ne. Canza ɗinki ba laifi ba ne. An tura ka ka sayar da kaya a ƙasar da ba ka sani ba, ka zauna, ka lura, ka gano abin da mutanenta suke so a aikin gidanku. Wannan shi ne aikin da ya kamata a yi tun kafin a ɗaure dila ta farko, kuma mahaifinka yana da nasa kuskuren da ya gina shago uku a kan hirar Mina. Sai dai ka yi masa adalci, hangensa bai faɗi ƙasa ba. Ya ce aikin Kano zai samu kasuwa a Gabon, ga shi ya samu. Ka tafi masa da riguna biyu ko uku na sabon samfurin, ka sa masa a hannu. Tela ne, zai gane abin da ka yi.

Ƙaryar shekara biyu da yanka rigarsa, waɗannan laifi ne. A kansu kada ka kawo masa ruwan sama ko fumfuna ko kwana goma sha tara. Ka durƙusa ka ce ka yi, ka nemi gafara, ka yi shiru. Zai iya yin fushi, zai iya kwana da yawa bai yi maka magana ba. Haƙƙinsa ne, ka jure, kada ka hau jirgi ka gudu. In za ka iya samun akawun nan na Owendo ya sayar maka da rigarsa, ka tafi da ita, ko da ta tsufa.

Game da suna, Mairamou tana da haƙƙi a wanda kuka kafa tare, ba a ture ta don an ji kunyar gida. Mahaifinka kuma yana da haƙƙi, tunda surfanin shagonsa ne yake sayar da rigar. Ƙyallen wuya yana ɗaukar layi biyu, allo ma haka. Ka zauna da ita kafin ka tafi, ku daidaita, ku rubuta a takarda da shaidu. Amma ka tambaye shi tukuna ko yana son sunansa a kan ƙaramar riga. In ya ce a'a, kada ka matsa.

Masu surfanin nan goma sha takwas ba sai an sallami kowa ba. Maimakon su shekara suna cika manyan rigunan da za ka yanka, su riƙa yin wuya da aljihu daidai awon da za ka ba su. Ya fi sauri, ya fi sauƙin turowa. Port-Gentil kuma a dakata. In lokacinta ya yi, wani ya je ya zauna wata guda da riguna ashirin, ya ga abin da mutanen can suke ɗauka da abin da suke ajiyewa, kafin kowa ya bar aikinsa.

Bayan duk wannan, in har yana son zuwa, ka kawo shi ya ga shagon yadda yake, da kekunansa biyar da layin masu saye. Ba zan yi maka alkawarin zai yafe nan take ba, ban san shi ba. Amma gara ya ji daga bakinka yana da rai, kana da damar neman gafararsa.

Allah ya sanyaya zuciyarsa a kanka, ya ba shi lafiya, ya sa albarka a sana'arku, ya kai ka gida lafiya.

Gwaggo Iyatu