Igiya Har Ƙasa

Agadas, 6 ga Nuwamba 1984

Zuwa ga matata Balki,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jaririyarmu da su Inna da duk mutanen Damagaram. Ni lafiyata lau, sai kewa.

Balki, jandarma sun kama Mushe Nomau, wato Malam Nomau, abokin aikina a lakwal, makarantar da nake koyarwa. Kin san shi da rashin magana, musamman tun da ya dawo daga ƙauyensu na wajen Aderbissinat. Ranar Litinin ta makon jiya ya rubuta wa ƴan ajinsa wata ƴar waƙa a tabulo, babban allon aji, ba amshi, ba kari, kalmomin a warwatse:

Rijiya.
Guga.
Igiya
har ƙasa.
Babu mai ja.

Wani ya kwafa ya kai wa jandarma. Ajidan, babbansu, ya ce ƙasa ai ƙasarmu ce, babu mai ja kuma zagin sojan da ke mulki ne. An tambayi Nomau, ya ce abin da yake nufi shi ya rubuta, bai ƙara ba. Tun da ni ke koyar da manyan aji, an ce in zo jibi in fassara ta. Ina tsoro, Balki. Amma na karanta ta ya fi sau ɗari, ban taɓa ganin kalmomi takwas da suka ɗauki kaya haka ba. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Alkasum

Agadas, 15 ga Nuwamba 1984

Zuwa ga Balki,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jego, yaya sanyi? Allah ya raya mana Asma'u.

Kafin in je wurin ajidan, na nemi wani ɗan garin su Nomau a sansanin da ake raba hatsi. Shi ya ba ni labari. Da Nomau ya je hutu, ya tarar ciyawa ta ƙare, bisashe sun mutu, mahaifiyarsa ta rasu, danginsa sun yi kudu ba wanda ya san inda suka sauka. Rijiyar gidansu kuwa da ruwanta, guga na ciki.

Wannan na faɗa wa ajidan. Na ce ya duba, waƙar ba ta kukan rashin ruwa, ba ta kukan yunwa. Komai na nan, mutum ne babu. Na nuna masa yadda igiyar ta sauka daga layi zuwa layi har ta taɓa ƙasa, wato gindin rijiya. Na ce duk wanda ke da magana a cikinsa, ba mai zama ya jawo ta, shi ne rijiyar nan. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce in tafi.

Sun saki Nomau shekaranjiya, amma an mayar da shi Dirkou da aiki, can cikin hamada.

Da na je masa, na zaci zai yaba mini fassarar. Sai ya yi murmushi ya ce na yi daidai, abu ɗaya na manta: har yanzu igiyar ba ta tsinke ba. Kunya ta kama ni. Wata uku muna shan shayi a inuwa ɗaya, ban taɓa tambayarsa abin da ya gani a gida ba. Ranar na tambaya. Ya yi ta magana har la'asar, ni ko ina saurare, shayi ya huce a gabanmu.

Jiya na raka shi tasha, ya hau kamiyo, babbar motar kaya, bisa buhunan gero. Mutumin da ya kwana goma a tsare, ban ji ya zagi kowa ba. Na yi masa alkawarin wasiƙa da kowace mota mai zuwa Dirkou, ta farko ma na riga na rubuta.

Ki gaida su Inna da Baba. Ki gaya mini ranar da zan zo in ɗauke ku.

Naki har kullum,
Alkasum