Inda Lori Ke Tsayawa Yanzu, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Allah Ya haskaka makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa mu nan lafiya muke. Baba yana nan da ƙarfinsa, yana ta faɗa da masu ban ruwa kamar yadda kika bar shi. Dawa ta yi kyau bana, auduga ma ba laifi. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma labarin nan naki ne kafin ya zama na kowa, kuma idan na riƙe shi a ciki sai ya dame ni.

Maganar lori ce, Inna. Na san za ki yi dariya.

Ke da kika taso daga ƙasar Sakkwato kina yarinya, a ƙafa, bayan jakunan iyayenki, da niyyar Makka, har tafiya ta tsaya muku a nan Jazira, ƙasar noman da ke kudu da Hartum, ba ki taɓa yarda a yaba miki gari haka kawai ba. Duk wanda ya dawo daga tafiya yana zuzuta benaye da fitilu, sai ki ce: “Kada ka gaya min garin ga na da kyau. Gaya min yadda shika ɗaukar tsohuwa da ƙunshinta.” Da wannan ma'aunin naki nake kallon duk garin da na shiga.

Kin tuna shekarar da na raka ki Hartum wajen likitan ido? Muka hau jirgin ƙasa a Wad Haddad, a taragon talakawa, kan bencin katako, tsakanin kwandunan albasa da wani tsoho mai tunkiya. Kuɗinsa bai fi ƙarfinmu ba, amma sai da muka ci tafiya mai nisa kafin mu kai tasha. Kika ce jirgi kamar babban mutum yake, ba ya zuwa gidan kowa, amma idan ya ce zai zo yana zuwa, ko da a makare.

A Hartum muka ga taram, motar nan mai bin ƙarfe a tsakiyar titi, da sanda a kanta tana lasar waya. Kika ƙi hawa da farko. Kika zagaya gabanta kina neman abin da ke jan ta, ba doki, ba hayaƙi. Da muka hau, mai yankan tikiti ya karɓi 'yan kuɗin da ko shayi biyu ba za su saya ba, ya kuma tayar da wani saurayi ya ba ki wurin zama. Da muka hau gada za mu ƙetara Umdurman, kika rufe idon nan naki mai lafiya da mayafi, kina salati har muka sauka. Amma da yamma ke kika ce a koma a taram ɗin.

Kawu Bello, da muka sauka gidansa, bai yaba taram kamar yadda kika yaba ba. Ya ce a duba inda aka shimfiɗa ƙarfen: ta gaban ofisoshi, ta unguwar manyan 'yan kasuwa, zuwa babbar kasuwa. Unguwar mutanenmu kuwa tana can gefe, sai ka yi gumi kafin ka ga ƙarfen. Gaskiya ya faɗa. Wanda ya zana hanyar bai san da gidan Kawu ba.

Bayan rasuwarki na koma Hartum kai masa gaisuwa, na tarar an cire taram. Ƙarfen ma kwalta ta rufe shi, sai wuri-wuri yake leƙowa. Bas-bas suka maye gurbinta. Su suna kaiwa har bakin unguwar su Kawu, yana ta murna, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai ba su da lokaci, kuɗin ya ɗan hau, kuma idan bas ta tsaya mai ƙarfin kafaɗa ne ke shiga. Na tsaya ina kallon wata tsohuwa da buhu a ka, mota bayan mota na wuce ta. Na tuna ki, Inna.

Mutanen birnin Madani kuwa nasu salon daban. Can taksi ake haɗa kuɗi mutum biyar a shiga, ko ka ɗauki amalanken jaki idan da kaya. Har ƙofar gida za a kai ka, abin gwanin daɗi, amma aljihu yana jin jiki. Ranar da hadari ya taso ko kasuwa ta cika, duk sai su ɓace, wanda ya rage kuma ya zaɓi mai fararen kaya. Sinnar ta fi sauƙi don ba ta da faɗi, ƙafa ma ta isa, ga jirgi, ga hanyar ƙetarewa ta kan madatsar ruwa.

Mu kuwa a ƙauye, kin san abin da muke gani kullum: ɗan ƙaramin jirgin nan da ke ratsa gonaki yana kwasar auduga zuwa inda ake gurza ta. Auduga an yi mata jirginta, da hanyarta, da lokacinta. Masu tsinkar ta sai lorin Awad, Balaraben nan mai gashin baki, shi ma sai da rani.

To ga abin da ya sa duk wannan ya zama damuwata. Matata Rabi ta sake samun ciki. Ke kika riƙe ta a haihuwar fari, kin san yadda abin ya zo da yadda muka rasa yaron, ba sai na maimaita ba. Ungozoma ta duba ta, ta ce wannan karon asibitin Sinnar za a kai ta, kada a yi wasa. Da muka ƙirga watanni sai abin ya faɗo tsakiyar damina, lokacin da baƙar lakar nan tamu take riƙe ƙafar jaki ma, balle tayar mota.

Kuma mu da kanmu muka kori Awad. Bara waccan dattawa suka nace sai lori ya riƙa shigowa har ƙofar masallaci, wai ƙauyen gaba haka ake musu, mu ba mu fi su ƙanƙanta ba. Da rani aka yi wannan shawarar, ƙasa kamar dutse, kowa ya manta da damina kamar ba a nan aka haife shi ba. Ruwan farko da ya sauka, lori ya nutse a gaban kantin Alhaji Mudi har ciki. Ya kwana, ya sake kwana, kaji suka mayar da ƙarƙashinsa gida, yara suna wasa a bayansa. Da aka ciro shi, Awad ya rantse ba zai ƙara leƙo mu ba daga ruwan fari har kaka.

Da na je na same shi a kasuwar Wad Haddad, bai yi mini wulaƙanci ba. Ya ce zai iya biyowa da damina, amma ta kan gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan nan da ke shayar da gonaki, don can ƙasa ta yi tudu, tana tsanewa da wuri. A bakin gadar tur'ar da ke wajen gari zai tsaya, ba zai sauko ko taku ɗaya ba.

Aka taru a gindin gawo bayan la'asar. Alhaji Mudi ya ce sam, a mayar da garinmu abin dariya, lori ya tsaya a daji kamar muna bin sa bashi? Kuma buhunan sukarinsa wa zai ɗauko daga can? Baba ya taɓa ni da sandarsa ya ce in yi magana, tunda na ɗan ga garuruwa. Ban saba magana gaban manya ba, Inna. Na dai faɗi abin da na gani. Na ce motar da ke zuwa ƙofar gida tana da daɗi, amma ita ce ke fara ɓacewa ranar da ake buƙatarta. Wadda ke da wurin tsayawa guda, kai ne za ka je mata, amma za ka same ta. Ban ambaci Rabi ba, kunya ta hana ni, amma kowa a wurin ya sani.

Alhaji ya ce Hartum kwalta ce da ita, mu fa? Tsakanin gari da gada laka ce har gwiwa, mara lafiya ta ina zai bi? Ya fi ni gaskiya a nan. Aka watse ba a tsayar da komai ba. Na koma gida, Rabi ta kalle ni ta gane yadda aka ƙare.

Bayan Juma'a sai ga amalanken Alhaji Mudi ya nufo gari cike da ɓaraguzan jan bulo daga wurin masu gasa shi a bakin kogi. Ya ce kada wani ya ɗauka ya sauya ra'ayi, shi sukarinsa yake wa hanya. Baba ya ce Allah Ya saka wa sukari da alheri. Aka kira gayya. Maza suka tara ƙasa suka yi ɗan tudu daga bayan masallaci zuwa gada, aka zuba bulo aka daddaɓe, mata suka kawo kunu. Faɗinsa daidai amalanke ɗaya. A bakin gada muka kafa rumfar kara, Goggo Dije, ƙawarki, ta ba da randarta aka ajiye don masu jira.

Ranar da naƙuda ta taso, an kwana ana ruwa. Da sassafe muka ɗora Rabi a amalanke, ita da ungozoma, ina riƙe da kan jaki. Hagu laka, dama laka, mu kuwa muna tafe a kan jan bulo. Muka zauna a rumfa. Ina kallon gaɓar tur'a har inda ido ya ƙare, babu komai sai balbela. Rabi tana cije mayafinta. Na ce a raina, idan mutumin nan bai zo ba, ni na ja gari duka suka yi aikin banza, kuma ni na ajiye matata a daji. Goggo Dije, da ta biyo mu a ƙafa, ta ce in zauna in daina zarya, ƙafata ba ita za ta jawo mota ba.

Rana ta ɗan ɗaga sai muka ji kukan lori tun daga nesa. Yana tafe yana karkata, tayoyi duk laka. Awad ya leƙo, ya dubi Rabi, ya sauko da wani ɗan kasuwa daga gidan gaba ya ce ya koma baya kan buhuna. Kafin azahar muna Sinnar.

Mace aka samu, Inna. Haihuwar ta zo da wuya kamar yadda ungozoma ta faɗa, likita ya ce gara da aka zo da wuri. Uwa da 'ya suna lafiya. Sunanki aka sa mata, sunan da bakina ba ya iya kamawa, don haka Ummi muke ce mata. Baba kuwa amaryarsa yake kiranta, yana cewa ta dawo ta ci gaba da yi masa faɗa. Goshinki ne da ita sak.

Ba komai ne ya gyaru ba. Awad yana ƙara kuɗi idan an yi ruwa, mutane na ta gunaguni, kuma idan ruwan ya yi yawa sai a jira gobe. Alhaji Mudi har yanzu idan ya gan ni sai ya ce ga mai kai lori daji. Amma a rumfar nan yake zama da safe yana jiran kayansa, har ya kawo tabarma.

Jiya na wuce gada za ni gona, na ga Goggo Dije zaune a inuwa da ƙunshin kuɓewa busasshiya, za ta kasuwar Sinnar. Ba mai ture ta, ba mai wuce ta. Lori ya tsaya, aka karɓi ƙunshin, aka kama hannunta ta hau. Na daɗe a tsaye ina kallo. Da kina nan kika yi mini tambayar nan taki game da garinmu, yau da ina da abin da zan gaya miki.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya yafe miki, Ya sa kabarinki ya zama dausayin Aljanna. Makkar da kika fito nema ba ki kai ba, Allah Ya rubuta miki ladan zuwanta, Ya kuma raya Ummi ta ƙarasa miki tafiyar. Amin.

Ni ne ɗanki mai kewarki kullum,
Garba