Muryar Inna a Akwatin Hagu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya ƙafar taki, yaya maigidan da yara? Ni kam sai godiya, in ban da ƙugu. Tela ne ke riƙe da biro kamar kullum, ni ke faɗa, kuma na ce in ya gama ya karanta mini, don na san halinsa, yana rage zance yadda yake rage yadi.

Maganar akwatunan sifikar nan biyu ce. Kin san su. Yaya Direba, Allah ya ji ƙansa, shi ya kawo kayan cikinsu daga tafiya, ni na ƙera musu akwati. Da su nake jin kaset ɗin da ya ɗauki Inna tana jera mana kakanni, wa ya haifi wa, har wurin nan da take yin shiru kafin sunan Kaka Maƙeri, wanda na daɗe ina gaya muku akwai abin da ta ɓoye. Cikin waɗanda suka ji ta da kunnensu, daga ni sai ke muka rage.

To, wani ya sa musu ido. Mai kemis ɗin bakin titi ya kawo mini maganin hawan jini, yana shiga ɗaki ya manta da ni, ya durƙusa gabansu kamar mai gaida suruki. Ya roƙa na cire yadin gaban ɗaya. Yana taɓa gefen faifan takardar nan da ke fitar da sauti, wurin ya marmashe a yatsansa kamar busasshen burodi. Wai soson da ke zagaye da faifan ne ya ruɓe, shi ya sa suke gurnani. Wai zai gyara kyauta, sha'awa ce kawai.

Auta, na tsufa ina feren katako, ban taɓa ganin sha'awar da ke sayen gam da aljihunta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mai faci ya ce ana raɗe-raɗin akwai wani jan ruwa cikin tsofaffin kayan sauti, manya na nemansa ido rufe. Ban ce na yarda ba, ban kuma ce ban yarda ba. Na dai ƙara kwado a ƙofa.

Ki gaida kowa.
Yayanki, Kafinta

Zuwa ga Auta,

Salamu alaikum. Ina fatan kumburin ya sauka, kuma kina shan maganin, ba ajiye shi ƙarƙashin filo ba.

'Yarki ta nan gidan ta hana ni sakat, wai ina zubar musu da mutunci a unguwa, har na ba da ɗaya. Ɗaya kawai, na hagu. Mai kemis ya yi ta magiya wai a haɗa biyun, don sifika kamar takalmi ce, ba a yi wa ƙafa ɗaya sabon tafi a bar ɗaya. Na ce ƙafata ce. Na dama yana nan gindin gadona, in ya ci amana aƙalla rabin Inna na hannuna.

Kafin in kai, na karce alama da ƙusa a bayan maganaɗisun da ke cikin akwatin, inda ido ba ya kaiwa. Na kuma biya wurin mai sayen ƙarafa ya ɗora mini shi a sikeli, don in an tsiyaye wani abu in sani. Tela yana dariya, na ce ya rubuta haka.

Ɗakin bayan kemis ɗin sai kin gani. Akwatuna ne jibge har rufi, wasu ba fuska, wasu ba ciki, ga warin dalma da gam, ga kwalaben magani cike da noti. Na tambaye shi ina masu su, ya ce wasu a bola ya tsinto. Na riƙe wannan amsar a raina.

Kullum da yamma ina kan benci ina kallonsa. Ya kankare tsohon gam da wata 'yar wuƙa a hankali, kamar mai yi wa jariri aski. Ya zura siraran kwali zagaye da tsakiyar faifan, wai don kada ya karkace ya riƙa goga ƙarfe, sannan ya manna sabon soso yana bi da yatsa. Ya ba ni shayi, ban sha ba. Da aka kira shi sayen magani na tashi na leƙa ciki da tocila. Ban ga ja ba, ban ga ruwa ba, sai ƙura da gawar kyankyaso. Hannunsa dai na mai sana'a ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma ɓarawo ma da hannu yake aiki.

Yayanki, Kafinta

Auta,

Gaisuwa a gurguje, Allah ya ƙara sauƙi. Ki sa a karanta miki wannan ke kaɗai.

Akwati ya dawo. Alamata na nan, sikeli bai nuna ragi ba. Na jona su biyu na sa kaset, sai na ji mata biyu suna magana a ɗakina. Ta dama Innarmu ce, da dusasshiyar muryar nan mai kakari. Ta hagu wata ce, murya siririya tas, kamar an kaɗa cokali a jikin kofi. Kalma ɗaya suke faɗi, lokaci ɗaya, amma ba mutum ɗaya ba ne.

Kin san jikoki duk da muryar dama suka san ta. Ni da kaina nake kwaikwaya musu, har ƙaramar take ce mata Kaka mai tari. Yanzu mutumin nan ya kawo mini baƙuwa ya zaunar a gefenta.

Na gane ba ɗauka ya zo yi ba, sakawa ya zo yi. Akwai na'urar da ke gyara wa mawaƙa murya, kowa ya sani, ita ya cusa don in yaba masa. Na je na same shi gaban masu sayen magani na faɗa masa haka. Bai yi fushi ba, wannan ma ya ƙara mini zargi. Cewa ya yi, "Baba, ban ƙara komai ba. Tagar ce ta yi datti na goge." Wai soson a hankali ya riƙa ruɓewa, kunnena yana bin sa, shi ya sa ban lura ba. Wato ni ne ban san muryar uwata ba.

Don Allah ki rufe ido ki tuna lokacin da take kiranki daga bakin rijiya. Da kauri muryar take ko siririya? Ke kaɗai ce shaidata. Abin da kika ce shi zan gaya wa jikoki, kuma in ya tabbata ƙarya ya saka, da guduma zan ciro ta.

Yayanki, Kafinta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya gida? Amsarki ta iso. Na sa Tela ya maimaita, na ƙara kai wa wani ya karanta, don ko ya rage. Bai rage ba. Kin ce fuskar Inna na nan, zanenta mai ɗigo na nan, amma muryar ta tafi, kin nema kin rasa. Ban ga laifinki ba. Ranar dai ban iya cin abinci ba.

Da na ga ba shaida, na ce ni zan kama ƙaryar da kaina. Jiya da hantsi na zare wayar na dama, na kori yara, na kafa kunne a na hagu ina jiran inda na'urarsa za ta yi tuntuɓe.

Sai aka zo wurin shirun nan, kafin sunan Kaka Maƙeri. Auta, ba shiru ba ne. Can nesa na ji ƙofar ɗakin girkinmu, kin tuna kukanta, dogo sannan gajere. Sai wata yarinya ta yi raɗa, "Inna, ina kika sa mukullin?" Sai ƙarar mukulli a kan tabarma. Sai Inna ta ja numfashi ta ci gaba.

Ke ce. Duk shekarun nan ina zargin bawan Allah Kaka Maƙeri yana kwance a kabarinsa, ashe mukulli kika zo nema.

Mai kemis bai san ƙofarmu ba, bai san ki ba, lokacin ba a ma haife shi ba. Na'urar da za ta saka wannan ba a ƙera ta ba. Na mayar da kaset baya na ƙara ji, har siririyar muryar ta daina yi mini baƙunta. Da ita take kirana in na daɗe a waje.

Gobe zan ɗora na dama a baro in kai masa. Ban ba shi haƙuri ba, amma in ya ba ni shayi zan sha. Na riga na karce alamar ƙusa a bayan wannan ma, mutum mutum ne.

In ƙafa ta yi sauƙi ki zo. Tunda ke kika katse ta, sai ki zauna ki ji ƙarshen maganar.

Yayanki mai ƙaunarki,
Kafinta