Taya Ɗaya a Aljihuna

Maman Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da Ummi. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce ta ci gaba da sa min albarka.

Ni lafiya lau. Yatsan da inji ya matse min a wurin aiki ya warke, lanƙwasuwa ce kawai ba ya yi. Kada ki sa a ranki.

Na ga bidiyon da kika turo. Kin tuna jirgin ƙasan da muka haɗa ni da Ummi da bulolin roba na wasa? Ranar da zan taho na cire masa taya ɗaya na sa a aljihu, na ce mata, "Ba zai tashi ba sai Baba ya dawo." Wata shida na ce. Yau shekara huɗu.

Sai ga shi ta sa maɓallin riga a gurbin tayar, ta soke shi da tsinken ashana, jirgin yana jan taragu uku ko tangaɗi babu. Na nuna wa makanikin da muke ɗaki ɗaya, ya ce, "Kai, 'yar nan taka injiniya ce!" Na yi dariya, na fita waje na daɗe.

Ki ce mata na ji daɗi, wallahi na ji. Allah ya yi mata albarka. Kada dai ki gaya mata tayar tana wurina har yanzu. Ta gaji da jira ta tayar da jirginta, ba ni da bakin da zan ce ta ƙara jira.

Naki,
Baban Ummi