Remar da Ta Daina Gudu

Zuwa ga autata Zulfa, a Garki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya nauyin jiki? Ya mai gidanki Abdulrauf da surukarki? Mu nan ƙalau, sai godiya. Zaituna malamar islamiyya ce ke rubuta mini. Da sanƙarau bai tafi da jinki ba, da na kira ki a waya na huta da roƙon masu biro.

Ga ƙunshin nama nan na ba direban da ke zuwa kasuwarku. Rema ce, ni na yi bandarta da hannuna. Ke dai Zulfa, abin cikin nan naki mai goshi ne. Kin san babanki Malam ya tsufa, ya daɗe yana hawa dutsen bayan gari yana saukowa hannu rabbana. To tun da aka ce kin samu rabo, rema ta daina gudu. Abar da ko tari ka yi ta shige kogo, yanzu sai ya tarar da ita zaune a falalen dutse tana kallonsa, ya sa hannu ya ɗauka kamar kaza. Duk wanda ya ji sai ya ce rabon ɗan ne ya kirawo ta. Shi ya sa ba ma taɓa tsokar, mu kai da kayan ciki muke ci.

Ki ci ke kaɗai, kullum. Kar kunya ta sa ki raba wa mutan gida, abin da aka aiko wa na ciki ba a ba wani. Wani ƙunshin yana tafe.

Allah ya raba lafiya. Ni ce innarki, Gaji.

Zuwa ga Zulfa.

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, ke da mutan gida. Kar ki ga rubutu ya canza, Laraba mai ɗinki ce ta riƙe biron yau.

Zulfa, ki ajiye naman nan. Don Allah don Annabi ki ajiye. Abin da ya rage ki haƙa rami mai zurfi ki binne, kar kare ko kaza su samu.

Magen gidanmu ce ta fara, mai cin hanjin da nake zubarwa. Ta riƙa tangaɗi kamar ta sha wani abu, tana zagaye wuri ɗaya, har ta faɗa murhu. Na ce aljanu ne, na yi hayaƙi. Sai Malam. Hannunsa rawa yake, buta ma ba ya iya riƙewa ya yi alwala, ya ce leɓensa kamar ba nasa ba. Da aka kai shi asibiti a Dutse likita ya dinga tambayar me yake ci. Bayan nan wasu mutane suka zo da mota, suka hau dutsen.

Kin san kwarmin da ruwan sama ke taruwa, inda dabbobin dutse ke sha? Ashe Kamilu, wanda ya dawo daga haƙar zinare, buhunan duwatsu yake kawowa yana niƙawa, yana wankewa a nan da wani abu wai shi zaiba, mai ƙyalli kamar narkakkiyar azurfa. Sai ya ƙona a cikin kogo don kar a gani. Mu muna hango hayaƙi muna cewa masu ɗiban zuma ne. Sun ce abin ya shiga ruwa, ya shiga ciyawa, ya shiga nama, kuma wuta ba ta kashe shi, gishiri ma haka. Remar nan ba zaman jiran Malam take ba, ciwo ne ya hana ta tashi.

Na tambayi wata mai farar riga a cikinsu, na ce to mai ciki fa? Ta kalle ni ta ce wa nake nufi, kuma wata nawa. Na gaya mata ke ce.

Zaituna goggon Kamilu ce, kuma ita na fara roƙo ta rubuta mini takardar nan. Da na kai kan sunansa sai ta rufe biro ta ce ita ba ta rubuta ƙazafi. Shekara da shekaru muna ɗiban wuta a murhun juna.

Ki ba direban amsa ko da layi ɗaya ne. Ki gaya mini nawa kika ci.

Innarki, Gaji.

Zuwa ga 'yata Zulfa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Abdulrauf in zai amsa. Ya jikin? Malam yana nan yadda yake, ni nake ba shi koko a baki.

Takardarki ta iso, Laraba ta karanta mini, na sa ta maimaita. Kin ce kin cinye duka tun kafin saƙona ya zo, ba ki ba kowa ko ƙashi ba, yadda na ce. Kaico. 'Ya'yan wasu sai a yi magana goma ba su ji ɗaya ba. Ke da ba ki da kunne, ke ce mai jin magana.

Kin ce surukarki ta rantse ko ƙwayar gero daga gidanmu ba za ta ƙara shiga gidansu ba, kuma ba za ki zo gida haihuwa ba. Ban ga laifinta ba. Itacen wankan jegon da na tara miki yana nan jingine a bayan ɗaki, na rasa wanda zan ba.

Kamilu kuwa ya kwashe kayansa, an ce yana gini a Yalwawa. Mutanen motar sun kafa allon gargaɗi a bakin kwarmin. Ni ban iya karatu ba, rema ma haka. Jiya na ga yaran makiyaya suna shayar da awaki a gindinsa, na yi ta ihu har muryata ta dushe, suka ɗauka taɓuwa na yi.

Mutanen motar za su zo Garki su yanki gashinki kaɗan, wai a jikinsa ake gane yawan abin. Na sani, ni na raine ki a kan ko gashin tsifa ki binne shi kar ya faɗa hannun mugu. Nawa ma sai da na yi ta kokawa kafin na bari. Ki cire ɗankwali ki ba su. Sun ce sakamakon zai daɗe, wataƙila ki riga shi sauka, kuma babu wanda ya yarda ya ce mini ɗan zai yi lafiya ko ba zai yi ba. Kowa sai ya ce a yi addu'a. Ina yi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da Allah ya sauke ki, matan gidan za su ce miki lafiya lau, haka ake ce wa maijego. Kukansa ba za ki ji ba. To in sun fita, ki sa ɗan yatsanki a tafin hannunsa. Ki rubuto mini da kanki ko ya riƙe.

Allah ya sauke ki lafiya. Ni ce wadda ta haife ki, Gaji.