Tsagar da Baba Ya Yi wa Ƙarfe

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki, ya Umma?

Baba, jiya ƙarafunan da ka zuba a tanderu don gwaji kafin ka yi ritaya suka cika awa dubu goma, na fito da su. Sai dai an yi ta'asa: lambobin da muka rubuta da fenti duk wuta ta lashe. Rabinsu sun yi tauri har sun yi gautsi, bugu ɗaya su tsage. Rabin kuma suna nan daram. Ka koya mini cewa mai yawan sinadarin kabon kan yi tauri da wuri ya gaji da wuri, mai naitirojin kuma a hankali yake tsufa. Amma manaja ba ya karɓar "Babana ya ce". In ban tabbatar da wane ne wane ba, aikin wata goma sha huɗu ya tafi a banza.

Na ga ka yi musu tsaga da zarto a gefe, wasu ɗaya, wasu biyu. Me suke nufi?

Ina kewarku. Kujerarka tana nan, ban bari kowa ya zauna ba.

'Yarka, Auta

Auta,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Fenti a tanderu! Na faɗa muku, kuka ce tsoho ya cika tsohon yayi. To ga shi nan.

Maganar tsaga kuwa, na manta. Kai ya tsufa. Sai na riƙe su a hannuna zan tuna, kuma kada ki ba direba, injiniya ce za ta kawo da kanta. Ƙarfe ya samu wata goma sha huɗu a wurinki, ni ko kwana biyu ban samu ba. Ko ni ma sai na shiga tanderun?

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

'Yata,

Ina gaishe ki. Kin ga rubutun wasiƙar Babanki nawa ne, wannan kuma bai san na rubuto ba. Ciwon idonsa ya yi nisa tun rabonki da gida. Na dama ya rufe, na hagu likita ya ce saura ƙiris. Ya hana ni faɗa miki, wai kada ki bar tanderu ya huce.

Babu abin da ya manta. Ina ajiye biro ya ce da ni, "Tsaga ɗaya kabon, biyu naitirojin, ko a mafarki aka tashe ni." Ya yi dariya. Kullum sai ya kai hotonki bakin taga yana juya shi.

Ga amsarki na ba ki, ba zan riƙe miki aiki ba. Sauran ya rage naki. Ni dai kewarki ta ishe ni.

Ummanki

Baba,

Barka da hutawa. Na yi iya ƙoƙarina, tsagar nan ta gagare ni. Ina tafe ranar Asabar da motar safe, da ƙarafunan duka a jakata. Ka zauna bakin taga, inda haske ya fi yawa.

Umma, ki karanta masa yadda na rubuta, kada ki ƙara komai.

Auta