Sojojin dalmar yayana: in ba Mushe ko in zubar?

Salamu alaikum jama'ar wannan gida, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, in za ku yi dariya ma ku yi, ni ma da wata ce ta kawo zancen nan da na yi.

Ni 'yar Damagaram ce, na zo Paris karatu a farkon shekarun 90, na sauka wurin yayana da ke aikin fassara a wata ƙungiyar ƙasashe. Yaya mutum ne mai hankali a komai, sai dai Allah ya jarrabe shi da wasan yaƙi na tebur. Ga wanda bai sani ba, 'yan sojoji ne na dalma da ba su kai ɗan yatsa ba, a shafa masu fenti, a jera kan koren ƙyalle, ga tuddai na kwali, ga kogi na shuɗin fenti, sai ƙarti masu furfura su zagaye tebur da abin awo, suna jefa ɗan lido, wai suna sake yaƙe-yaƙen zamanin sulke da takobi. In je kasuwar 'yan Afirka ta Château Rouge in kinkimo kuɓewa da naman rago a jirgin metro, in dafa, in kira shi, ya ce in dakata fentin garkuwa bai bushe ba.

Rundunarsa ta mayaƙan Musulmi ce, na lokacin da Turawa suka je yaƙin Ƙudus. Wata shekara, 96 nake jin, ya ja ni Lyon gasa, ni ce mai riƙon kwali a cikin jirgin ƙasa na TGV. Can na fara ganin mutumin da ya sa nake wannan rubutu. Bafaranshe ne mai kantin magani, shi ne alƙalin gasar, mu kira shi Mushe, wato malam da Faransanci, kowace ma'ana kuka ɗauka ta yi daidai. Mutumin da na ga tattabara ta firgita shi a bakin ƙofa, wanda ko jaki bai taɓa hawa ba, shi ne wai ya san yadda doki ke ji in mashi ya tunkaro shi.

Yaya na gab da cinye wani abokin Mushe, sai ga shi ya taho da gilashin ƙara girma, ya ɗaga mahayi ɗaya da yatsu biyu kamar ya tsinci ƙuda a miya, ya ce irin wannan garkuwa ba a fara yin ta ba sai bayan shekara ɗari, don haka a kwashe ɓangare guda na rundunar. Yaya ya fito da littattafai, mutumin ko kallonsu bai yi ba, ya ce, “Nan tarihi muke girmamawa, ba tatsuniya ba.” Aka bushe da dariya. Ina kallon yayana yana mayar da sojojinsa cikin kwali. Da muka fito muka zauna gidan abincin wani Balarabe a unguwar La Guillotière, kuskus ɗin Yaya ya huce bai taɓa ba. Na ce masa Yaya, wane tarihi? Tarihin da in ka jefa shida ka ci, in ka jefa ɗaya an kashe ka?

Abin da ya fi ƙona mini rai, wata na zagayowa Yaya ya sake hawa jirgin Lyon. Haka shi da Mushe suka shafe sauran shekarun 90, gardama a tebur, gardama a tarho, kibiya na huda sulke ko ba ta hudawa, doki na iya sukuwa cikin taɓo ko ba ya iyawa, ita kuma garkuwar nan ba su taɓa rufe zancenta ba. Na yi aure na bar gidan suna yi. Bara da Yaya ya kwanta asibiti, sai ga Mushe da sandarsa ya taso tun daga Lyon, ya ja kujera ya ɗora daga inda suka tsaya. Daga waje nake jin yayana yana dariya, dariyar da ni da nake kai masa fura ban samu ba.

Yanzu Yaya ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai bar ɗa ba, bai bar wasiyya a kan sojojin ba, kuma ƙarshen wata za mu mayar da makullin gida. Wani dattijonmu da muke ce wa Kawu Alhaji ya ce gumaka ne, in zuba su a shara kafin su zame wa mamaci azaba. Kawun da bai leƙa asibiti ba ko sau ɗaya, wanda raƙumin katako ke zaune bisa talabijin ɗinsa. Shi kuma Mushe ya kira ni, wai in ba shi su ya jera a ɗakin kulob ɗinsu da sunan Yaya a jiki. Wallahi har zuciyata ta fara sanyi, sai ya ƙara da cewa zai ɗan gyara garkuwoyin tukuna don su dace da tarihi. Mutum ya mutu ma ba za ka bar masa gardamar ba! Na kashe tarho.

Maigidana ya ce gidanmu ba wuri, gaskiyarsa ce, ni ma ba son su nake ba. Amma jiya na sauka ɗakin ajiyar gidan Yaya na buɗe kwali ɗaya, na tarar kowane soja an naɗe shi daban a ƙyalle, kuma ƙyallen wani zanena ne na atamfa da na nema na rasa tun ina ɗaliba, har na zargi maƙwabciya. Na zauna kan kwalin na kasa tashi.

To 'yan uwa ku faɗa mini. In bi Kawu in zuba aikin hannun yayana a shara? In ajiye abin da na raina tun ƙuruciyata ƙura ta cinye shi? Ko in danne zuciyata in miƙa wa wannan tsoho mai taurin kai, alhali na san shi kaɗai ya rage a duniya da zai buɗe kwalin nan ya yi kuka?